Tuƙin Matan Saudiyya: Haƙuri Ne Ya Kawo Shi Ko Tsayin Daka?

Ranar 6 ga Nuwamban 1990 mata 47 suka yi mahaɗa a filin ajiye motoci na wani babban kanti a birnin Riyad. Direbobinsu ne suka kawo su, kamar yadda aka saba. Da suka hallara sai suka ce wa direbobin su sauka. Waɗanda suka iya tuƙi a cikinsu suka kama sitiyari, sauran suka zauna a gefe da baya, suka hau titi a jere cikin abayoyinsu. Da yawansu malaman jami'a ne da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, masu tuƙin kuma suna riƙe da lasisin da suka samo a ƙasashen da suka yi karatu. Ba su yi nisa ba 'yan sanda suka tare su, 'yan hisba suka iso. Aka kwashe su zuwa ofis, ba a sake su ba sai da mazajensu da iyayensu maza suka zo suka sa hannu a takardar alkawarin cewa ba za a kuma ba.

Abin da ya biyo baya ya fi kamun ciwo. An buga sunayensu a takardu ana rabawa a gari, har da sunayen mazajensu, ana jifansu da kalmomin da ba a faɗa wa 'yar mutunci. An yi da su a kan mumbari. An karɓe musu fasfo, an dakatar da masu aikin gwamnati daga aiki, sai bayan fiye da shekara biyu aka mayar da su. Sannan Ma'aikatar Cikin Gida ta fitar da sanarwar haramta wa mata tuƙi, ta jingina da fatawar Shaihu Abdul'aziz bin Baz. Kafin wannan rana babu rubutacciyar doka a kan maganar. Hukuma dai ba ta ba mace lasisi, jama'a kuma sun ɗauki abin al'ada. Matan sun fita neman a buɗe musu ƙofa, suka dawo suka tarar an ƙara mata sakata.

Sai da aka yi kusan shekara 28, ranar 24 ga Yunin 2018, sannan mace ta tuƙa mota a titin Saudiyya da yardar hukuma. A daren da 'yan jarida suke ɗaukar hoton matan da suka fara fita, wasu daga cikin waɗanda suka fi kowa shan wuya a kan wannan buƙata suna tsare, ba wanda ya san halin da suke ciki. Wannan ne ya raba kan masu bin al'amarin gida biyu. Wasu suna cewa gwagwarmayar matan ce ta haifi wannan rana, duk abin da suka rasa bai tafi a banza ba. Wasu kuma suna cewa da an yi haƙuri, da ranar ta zo da ƙafarta, wataƙila ma da wuri, ba tare da an ɗaure 'yar kowa ba.

Maganar halalci ko haramcin tuƙin kansa ba za ta ɗauke mu lokaci ba, don ƙasar da ta kafa dokar ita ta warware ta. Malaman da suka hana ba su ce akwai aya ko hadisin da ya ambaci mota ba. Hujjarsu toshe kafar ɓarna ce: mace za ta riƙa fita ba da sanin waliyyinta ba, za ta buɗe fuska ga ɗan sandan hanya, motarta za ta lalace a daji ta faɗa hannun wanda ba ya tsoron Allah. Damuwa ce da ba za a ce ba ta da tushe ba. Sai dai maganin da aka kawo ya fi cutar muni a ma'aunin malaman kansu, domin matar da aka hana tuƙi ita ce kullum take kaɗaita a mota da direban da ba muharraminta ba, wanda aka ɗauko daga Pakistan ko Indiya ko Filifin. Direbobin gida 'yan ƙasar waje sun haura miliyan ɗaya kafin a ɗage dokar. Matan ƙauye a sahara sun daɗe suna jan akori-kura suna kai wa dabbobi ruwa, a cikin unguwar ma'aikatan kamfanin mai na Aramco a Zahran ma mata suna tuƙi ba mai ce musu kanzil. A duk duniyar Musulmi, daga Jakarta zuwa Kano da Maraɗi, ba inda ake da irin wannan doka a lokacin da aka ɗage ta sai can. Duk alhajin da ya je Makka kafin 2018 ya ga haka da idonsa, ya kuma dawo gida ya tarar da malamar Islamiyya ta ajiye motarta a ƙofar makaranta. Da Sarki Salman ya fitar da umarninsa ranar 26 ga Satumban 2017, a ciki ya ce mafi yawan mambobin Majalisar Manyan Malamai ba su ga abin da ya hana ba.

Muhawarar da ta rage ta fi wannan wuya, kuma masu cewa a yi haƙuri ba wawaye ba ne, ba kuma dukansu 'yan koren gwamnati ba ne. A cikinsu akwai matan da suke son tuƙin kamar kowa.

Hujjarsu ta farko ita ce abin da ya faru a 1990. Iraƙi ta mamaye Kuwait a watan Agusta, sojojin Amurka sun cika gabashin ƙasar, a cikinsu har da mata masu tuƙa manyan motocin soja. Zukatan mutane a tafashe suke, malaman tafiyar farfaɗo da addini da ake kira Sahwa suna caccakar gidan sarauta a kan kawo sojan da ba Musulmi ba ƙasar Harami. Sarki Fahad yana neman abin da zai lallashi malamai da shi, sai ga mata 47 sun miƙa masa a hannu. Masu wannan ra'ayi suna cewa matan sun yi kuskuren lokaci, kuma kuskuren ya mayar da tuƙin mace tuta: daga ranar duk wanda ya goyi bayansa ɗan Amurka ne, duk wanda ya ƙi shi mai kishin addini ne. Abin da ya zama tuta kuwa sauke shi yana da wuya, ko da mai riƙe da shi ya gaji.

Ta biyu, suna cewa a Saudiyya canji daga sama yake saukowa, kuma yana sauka ne idan ba a tsokani mai kawo shi ba. Da gwamnati ta buɗe makarantun 'yan mata a 1960 an yi mata bore, har sai da aka kai jami'an tsaro su gadi makaranta a Buraida, amma ta tsaya a kan bakanta, kuma a ƙarshe waɗanda suka yi boren suka kai 'ya'yansu. Sarki Abdullah ya ba mata damar zaɓe da tsayawa takara a ƙananan hukumomi a 2011, suka kaɗa ƙuri'a a 2015. A 2013 ya naɗa mata 30 a Majalisar Shura. Shi da kansa ya taɓa faɗa wa wata 'yar jaridar Amurka a 2005 cewa ranar tuƙin mata tana nan tafe, haƙuri ake buƙata. A ganin waɗannan, sarki ba ya son a ga kamar an murɗe masa hannu, don haka duk fitar da mata suka yi kan titi ƙara nesanta ranar ta yi.

Ta uku ita ce kuɗi, kuma ita ce mafi ƙarfi. Gangar ɗanyen mai da ake sayarwa sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016. A watan Afrilun wannan shekara Yarima Muhammad bin Salman ya fito da shirinsa na 2030, wanda yake son a rage dogaro da mai, a kuma kai yawan mata masu aiki kashi 30 cikin ɗari. Mace ba za ta karɓi aikin kanti ko na banki ba in rabin albashinta zai tafi ga direba, kuɗin direbobin nan kuma ƙasashensu ake aikawa. A watan ne kuma aka karɓe wa 'yan hisba ikon kama mutane. To, in ji masu wannan hujja, ko da babu mace ɗaya da ta taɓa kama sitiyari don nuna ƙin doka, baitulmali da kansa zai tilasta a ɗage ta.

Sai hujjar da take taɓa zuciya, wadda ban ga yadda za a kauce mata ba. Mai gwagwarmaya ita ta zaɓi hanyarta, amma ba ita kaɗai take biya ba. Manal al-Sharif ƙwararriya ce a tsaron kwamfuta a Aramco. A watan Mayun 2011 ta tuƙa mota a birnin Khubar, Wajiha al-Huwaidar tana gefenta tana ɗaukar bidiyo, suka sa a YouTube. Aka kama ta, ta yi kwana tara a tsare. Ita da bakinta ta ba da labarin yadda ɗanta, yana ɗan shekara biyar, ya dawo daga makaranta da alamar duka a fuska, yara sun ce sun ga uwarsa a Facebook, ya kamata a ɗaure su. Daga baya ta bar aikinta, ta bar ƙasar, ta zauna a Dubai sannan Ostiraliya, yaron kuma ya zauna a Saudiyya wurin mahaifinsa. Ta sami wani ɗan a waje, aka yi shekaru wa da ƙane ba su haɗu ba. Aziza al-Yusuf, tsohuwar malamar kwamfuta a Jami'ar Sarki Sa'ud, uwa ce kuma kaka, tana kuma cikin matan da aka tsare a 2018. 'Yan kwanaki bayan an ba da belinta a 2019 sai aka kama ɗanta Salah al-Haidar. Iyayen Lujain al-Hazlul, wata daga cikin masu fafutukar, an hana su fita ƙasar, 'yan'uwanta da suke waje kuma ba su da halin komawa. Wa ya tambayi yaron nan ɗan shekara biyar ko ya yarda? Wa ya tambayi tsohon da aka kira ofishin 'yan sanda cikin dare ya sa hannu a kan laifin 'yarsa, gobe kuma ya shiga masallacin unguwa ana nuna shi? Masu cewa a yi haƙuri suna ganin ba daidai ba ne mutum ya ci bashin da iyalinsa za su biya, a kan abin da ko ba jima ko ba daɗe zai zo.

Suna ƙarawa da cewa yawancin masu fafutukar 'yan boko ne masu hali, waɗanda suka yi karatu a waje, kuma ba duk matan ƙasar suka wakilta ba. Gaskiya ne an sami matan da suka yi gangamin sa hannu suna kare tsarin waliyyi, suna cewa waliyyinsu ya fi su sanin abin da ya dace da su. Matar da aka saka aka ƙwace mata 'ya'ya, ko wadda wanta yake cinye albashinta, mota ba ita ce damuwarta ta farko ba.

Duk na ji waɗannan, kuma wasu sun zauna mini. Amma in aka bi tarihin a hankali, ginin yana da tsaga.

Hanyar lallami da ake cewa a bi, an bi ta har ta gaji. A 2005 wani ɗan Majalisar Shura, Muhammad al-Zulfa, ya nemi a yi nazarin maganar kawai, a duba ko za a fara da mata masu shekaru a cikin gari. Majalisa ta ƙi ko tattaunawa, shi kuma ya sha zagi har ana neman a cire shi. A 2007 Wajiha al-Huwaidar da abokan aikinta suka tara sa hannun mutane sama da dubu suka aika wa Sarki Abdullah takardar roƙo, shiru. A watan Oktoban 2013 mata uku daga cikin waɗanda sarki ya naɗa a Shura suka kawo shawarar a ɗage dokar, ta hanyar da tsari ya tanada, aka yi watsi da ita. A 2016 Aziza al-Yusuf ta ɗauki takarda mai sa hannun mutum sama da dubu 14 a kan tsarin waliyyi ta kai fada da ƙafarta, aka ce ta aika ta gidan waya. Waɗanda suka hau titi su ne dai waɗanda suka rubuta takardun. Sun ƙwanƙwasa, sun yi sallama, sun jira. Haƙurin da aka nema a 2005, yarinyar da take aji ɗaya a sakandare a lokacin ta gama jami'a kafin ya ƙare.

Hawan titin nasu ma a duba yadda ya kasance. Da aka shirya fitar 17 ga Yunin 2011, abin da aka gaya wa mata shi ne kowace ta fita ita kaɗai ta yi hidimar gabanta, kasuwa ko asibiti ko makarantar yara, da shigarta ta mutunci, da lasisinta na ƙasar waje, ban da taruwa, ban da ɗaga murya. Ba wadda ta ce a sauke sarki. Duk da haka a watan Satumban shekarar wata kotu a Jidda ta yanke wa Shaima Jastaniya bulala goma saboda tuƙi, sai da maganar ta kai ga Sarki Abdullah aka soke. Lujain kuwa, a ƙarshen Nuwamban 2014, ta taso da motarta daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da lasisin can, wanda bisa yarjejeniyar ƙasashen yankin yana aiki a Saudiyya. Jami'an kan iyaka suka karɓe fasfonta, ba su bar ta ta shiga ba, ba su bar ta ta koma ba. Ta kwana a cikin motar cikin sanyin sahara tana rubuta halin da take ciki a Twitter. Ƙawarta Maisa al-Amudi, 'yar jarida, ta tuƙo ta kawo mata abinci da ruwa da bargo, aka haɗa da ita. Kwana 73 suka yi a tsare, aka kuma tura shari'arsu kotun da aka kafa don 'yan ta'adda. Yarinya 'yar shekara 25 da wadda ta kawo mata bargo.

Hujjar kuɗi gaskiya ce, amma rabin gaskiya. Farashin mai ya faɗi warwas a 1986, ya sake faɗuwa a 1998, direbobin waje suna nan suna kwasar albashi a duk tsawon lokacin, ba a ɗage dokar ba. Asara ba ta isa ta sa gwamnati ta taɓa abin da take tsoron zai tayar da ƙura ba. Sai ta tabbata ƙurar ba za ta tashi ba. Wa ya tabbatar mata? A 1990 sunan mace mai tuƙi abin la'anta ne a mumbari. A 2011 da 2013 mutane suka yi ta kallon bidiyon mata a wayoyinsu: wata tana kai 'yarta makaranta, wata mijinta yana gefenta, wata ɗanta ne yake ɗaukar hoton, wani mai mota ya wuce ya ɗaga musu babban yatsa. Sama ba ta faɗo ba. Lokacin da wani malami ya fito a 2013 ya ce tuƙi yana lalata gaɓoɓin haihuwar mace, 'yan ƙasar ne da kansu suka yi masa ca, abin da ba zai yiwu ba shekara ashirin kafin nan. Idon jama'a ya saba da abin tun kafin doka ta halatta shi, kuma waɗanda suka saba masa da shi su ne matan da ake kamawa ana sa mazajensu sa hannu. Yarima ya zo ya tarar an yi sharar gona, ya yi shuka.

Abin da ya fi gamsar da ni kuwa daga hannun hukumar ya fito. A ranar da aka sanar da umarnin sarki a 2017, da yawa daga cikin masu fafutukar sun ce an kira su a waya daga sama an gargaɗe su kada su yi magana da 'yan jarida, ko da yabo ne. Sannan a tsakiyar Mayun 2018, saura makonni kaɗan a fara tuƙin, aka bi su gida-gida: Lujain, da Aziza, da Iman al-Nafjan mai rubutu a intanet kuma malamar jami'a, da A'isha al-Mani' da Madiha al-Ajrush waɗanda suna cikin 47 na farko, A'isha tana da shekara 70 a duniya. Aka haɗa da mazan da suka tsaya musu, har da lauya Ibrahim al-Mudaimig. Jaridun da suke kusa da gwamnati suka buga hotunan wasunsu da tambarin cin amanar ƙasa. In da gaske ne matan nan ba su tsinana komai ba, me ya sa ake tsoron bakinsu a ranar biki? Ba a rufe bakin wanda ba shi da abin faɗa. Hukuma ta san mutane za su ce matan ne suka ja har aka saki, ta kuma san darasin da sauran jama'a za su ɗauka daga nan: cewa in an dage ana samu. Wannan darasin ne aka ɗaure. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Lujain ta shaida wa iyayenta cewa a watannin farko an yi mata bulala, an jona mata lantarki, an ci zarafinta, an yi mata barazanar fyaɗe da kisa. Wasu daga cikin matan ma sun faɗi irin haka a gaban alƙali. Gwamnati ta musanta, kotu ta kori ƙarar ta ce babu hujja, ba a kuma bar masu bincike daga waje sun gana da su ba. Danginta sun ce an yi mata tayin saki in za ta fito a bidiyo ta ce ba a taɓa ta ba, ta ƙi. Ta yi yajin cin abinci a 2020 saboda an hana ta magana da iyayenta. Ranar 28 ga Disamban 2020 aka yanke mata shekara biyar da wata takwas a ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci, aka jingine wani ɓangare, ta fito ranar 10 ga Fabrairun 2021 bayan kwana 1,001.

A nan ne nake rabuwa da masu hujjar iyali, duk da nauyinta. In aka ce Manal ce ta jawo wa ɗanta duka, ko Aziza ce ta jawo wa nata ɗauri, an ɗauke laifi daga kan wanda ya aikata an ɗora wa wanda aka yi wa. Kama ɗan mutum saboda uwarsa ba ruwan sama ba ne da yake sauka a kan kowa. Wani ne ya zauna a ofis ya sa hannu, kuma ya yi ne don sauran iyaye mata su gani su yi shiru. Addinin da aka ce ana karewa da wannan doka shi ne ya hana a kama wani da laifin wani. Mu ma a nan mun san irin wannan lissafi. An ɗaure Hajiya Gambo Sawaba sau 16, an doke ta, an aske mata kai, a kan siyasar NEPU da neman mata su yi zaɓe, kuma a lokacin ma akwai masu cewa ita ta ja wa kanta, mace ta zauna a ɗaki mana. Matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai 1976, a hannun gwamnatin soja da ba ta ambaci sunanta ba. Yau ba wanda yake tsayawa a layin zaɓe ya ce da ta yi haƙuri.

Sai dai akwai wurin da masu haƙuri suka fi ni gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Tafin da ake yi wa mai gwagwarmaya daga nesa ba shi da tsada ga mai tafin, ita ce yake ƙara wa zafi. Duk lambar yabon da aka ba matan nan a Turai, duk hirar da suka yi da jaridun waje, an tattara an mayar da ita takardar tuhuma. A cikin laifuffukan da aka lissafa wa Lujain har da magana da 'yan jarida da jami'an jakadancin waje da neman aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya. Da Kanada ta yi kira a saki 'yar gwagwarmaya Samar Badawi a watan Agustan 2018, Saudiyya ta kori jakadanta ta janye ɗalibanta daga can, Samar kuma ta ci gaba da zama a kurkuku har 2021. Yawancin ƙasashen da suka fi kowa yabon matan ba su fasa sayar da makamai da sayen mai ba. Wanda yake zaune lafiya a Landan ko Abuja yana zuga 'yar wani ta fito, ya kamata ya tambayi kansa abin da zai iya yi mata ranar da aka buga ƙofarsu da tsakar dare. In amsar ita ce rubutu a intanet, to ya rage zuga. Ita kaɗai ce take da ikon cewa ta ɗauka ko ta fasa, wadda ta fasa kuma don 'ya'yanta ba ta yi abin kunya ba.

Ribar da aka samu ba ƙarama ba ce, kada ɓacin rai ya sa a raina ta. Matar da ɗanta ya tashi da zazzaɓi cikin dare, mijinta yana wurin aiki a wani gari, yanzu makulli take ɗauka, ba ta tsaya tana kiran ƙanenta a waya yana ƙin ɗagawa ba. Tun watan Agustan 2019 macen da ta kai shekara 21 tana karɓar fasfo ta yi tafiya ba sai da izinin waliyyi ba. Yawan mata masu aiki, wanda bai kai kashi 20 cikin ɗari ba a 2017, ya wuce kashi 30 ɗin da aka sa wa 2030 tun da sauran shekaru. Akwai mata masu jan tasi, akwai masu jan jirgin ƙasan da yake zirga-zirga tsakanin Makka da Madina.

Amma filin da matan suka tsaya suka yi roƙon ya ƙanƙance fiye da yadda suka same shi. A zamanin Sarki Abdullah mace tana tuƙi a kama ta, ta yi kwanaki, ta sa hannu, ta fito ta sake rubuta takarda. A 2022 Salma al-Shihab, ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Leeds ta Ingila kuma uwar yara biyu, an yanke mata shekara 34 a kan rubuce-rubucen Twitter, wasunsu na goyon bayan Lujain ne. Daga baya aka rage, ta fito a 2025. Dokar iyali da aka kafa a 2022 ta bar wa waliyyi ikonsa a kan aurar da mace, kuma yau babu wata Aziza da za ta ɗauki takarda ta nufi fada a kan haka. Lujain tana da ikon tuƙa motarta a ko'ina cikin Riyad. An sake ta ne da sharaɗin ba za ta fita ƙasar ba, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ce da wa'adin da kotu ta sa ya cika ta je kan iyaka a 2024, aka sake mayar da ita gida.